Zanen fuskar gida ma fasaha ce, kuma tana da aikin da take yi

Da an ambaci fasahar zane, hankalin mutane sai ya tafi kan hoton da ake sa wa firam a rataye a falo. A ganina an ƙuntata ma'anar. Duk aikin hannun da aka tsara domin ido ya karanta shi, ta hanyar layi da launi da tudu da kwari, ya shiga wannan babi: zayyanar allon sauka, aska takwas a ƙirjin babbar riga, zanen ƙwarya, har da lallen amarya. Amma wanda ya fi bayyana amfanin wannan fasaha a fili shi ne zanen fuskar gidan ƙasa, irin na tsohon birnin Zariya da Kano da unguwar Birni a Damagaram.

Magini ba ya fara zane sai bangon tubali ya bushe ya zauna. Daga nan ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta ruɓe na 'yan kwanaki, sannan ya yaɓa ta da kauri a kewayen ƙofar zaure. Tun tana ɗanya yake fitar da zanen da yatsu, ko ya yanka shi da wuƙa. Gwanintar duk tana cikin sanin lokaci. In ruwa ya yi yawa, tudun zanen zai zube ƙasa. In aka bari ta fara ƙamewa, wuƙa za ta yage ta maimakon ta yanka. In kuma ciyawa ta yi kaɗan, rana na dukanta sai tsagewa.

Sai shafe. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta: a jiƙa, a kwaɓa ruwan da ƙasa, a shafa. Ita ce ke ba bango wannan launi mai duhu, kuma ita ce ke hana ruwan sama cin ƙasar, sai dai tana buƙatar sabuntawa a kai a kai. Laso ya fi ta ƙarko da tsada, domin haɗin katsi ne, wato abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, daga marina, da gashin jima daga majema, da yauƙin tsiron dafara. Ku lura, sana'a uku ke nan a bango guda: marini, majemi, magini.

To ga amfani na farko, kare ginin. Na biyu shi ne magana. Baƙo ba ya wuce zaure, don haka fuskar gidan ce ke gaya masa matsayin mai gida kafin a amsa sallama. Dagi da takobi sun daɗe a bango. A ƙarni na 20 kuwa sai ga keke da mota da jirgin sama sun shigo cikin zane, wato bangon ya zama wurin ajiye tarihin abin da zamani ya kawo. Na uku shi ne natsuwar zuciya a wurin ibada. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu babu siffar mutum ko dabba a cikinsa, amma bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, wanda aka ɗaure da azara, da zanen ginshiƙai, su ke jan ido sama.

Abin da ke ba ni takaici shi ne gyaran siminti. Mutum zai ga zanen gidan kakansa yana zaizayewa, sai ya sa a yi masa filasta, a bi da fentin mai. Siminti ba ya barin danshi ya fita, ƙasa kuwa dole ta yi numfashi. Ruwa zai shiga ta tsaga ko ta ƙarƙashin zanko, ya maƙale tsakanin filasta da bango, ƙasar ta jiƙe ta ciki alhali waje yana sheƙi. Wata damina sai ɓawon simintin ya ɓallo gaba ɗaya, ya tafi da zanen. Mai son ya ceci irin wannan bango ya fara da indararo, ya tabbatar yana zubar da ruwa nesa da tushen gini. Ya toshe tsagar kan soro da ta zankwaye da kaka, bayan an ɗauke ruwa, ya yi faci da irin ƙasar da aka yi ginin da ita, sannan ya sake shafa makuba kafin bazara ta wuce.