Kafin a tona Salkadamna, wa zai kwashe toka?

Tun da Najeriya ta katse mana wuta a nan Nijar a watan Agustan 2023, zancen haƙo gawayin ƙasa, wato kwal, na Salkadamna a jihar Tawa don samar da wutar lantarki ya dawo bakin kowa. Ba laifi. Mai sayar da ƙanƙara a Maradi da layin wutar da ke zuwa daga Katsina ya bari da firiji cike da ruwan ɗumi ba ya bukatar wa'azi kan amfanin wutar gida. Abin haushin shi ne sabon salon toshe baki: da ka tambayi inda za a zuba toka, sai a ce kai ɗan koren Turawa ne, wai muhalli zancen masu ƙoshi ne.

To, ba Bature ne zai sha ruwan rijiyoyin jihar Tawa ba.

Ba yau muka fara harkar nan ba. An kafa kamfanin kwal na Sonichar a 1975, tashar Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas ta fara ba da wuta a 1981, kuma injinanta biyu a haɗe ba su kai megawat 40 ba. A Salkadamna megawat 600 ake ambata, wato ninki goma sha biyar da ɗoriya. Haka ramin zai ninka, haka toka, haka ruwan sanyaya injina a ƙasar da mata ke kwana a bakin rijiya.

Gyaran mahaƙa tun ranar farko ake fara shi. Ƙasar sama, wadda gero ke ci, kankare ta ake yi a tara gefe guda. In katafila ta cakuɗa ta da duwatsun ƙarƙashi, an yi asararta ke nan. Cikin tarkacen akwai wani dutse mai ƙyalli, haɗin ƙarfe da farar wuta. Yana binne lafiya lau, amma da ya haɗu da iska da ruwan damina sai ya saki ruwa mai tsami da ke narkar da ƙarafa masu guba ya gangara da su ƙasa. Tsibin da ba a daddale ba kuwa yakan kama wuta da kansa, ya yi shekaru yana hayaƙi. Ita toka rami take so mai shimfiɗar yumɓu da leda mai kauri, a riƙa jiƙa ta don kada iskar hunturu ta kai ta gonaki, a kewaye ta da rijiyoyin gwaji da za a riƙa auna ruwansu. Duk wannan kuɗi ne, kuma shi ake fara yankewa in kasafi ya matse.

Mai shakka ya dubi Akokan, kusa da Arlit. Mahaƙar uraniyom ta kamfanin Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ga tsibin dattin uraniyom kimanin tan miliyan 20 a gefen gari. Ma'adinin daban ne, amma aikin rufe tsibin ya zo ne bayan ciniki ya ƙare, ma'aikata sun watse.

Sai kuma masu cewa gawayin ƙasa zai ceci dajin Baban Rafi na jihar Maradi daga gatarin masu saran itacen girki. Wataƙila, in gasasshe ne, wanda aka turara ba iska har kwalta da yawancin hayaƙinsa suka fita. Ɗanyen kwal a murhun tsakar gida wata masifa ce. A lardin Gwaijo na ƙasar Sin, busar da barkono da masara a kan irin wannan wuta ya sa gubar arsenik ta shiga jikin mutane da yawa. Mu da ke gasa tsire kai tsaye a kan garwashi, mu kuma shigar da kasko ɗaki lokacin ɗari mu ja ƙyaure, wa ya auna mana abin da ke cikin buhun? Ko gasasshen ma yana fitar da iskar nan marar wari da ke kashe mai barci.

Masu cewa a bar kwal kwata-kwata a jira hasken rana ba su taɓa jiran injin niƙa da dare ba, don haka ban tsaya kansu ba.

Bukatar ba ta da yawa. A yanke wani abu kan kowane tan da aka haƙo, a ajiye a asusun da kamfani ba ya iya taɓawa. A auna ruwan ƙauyukan kewaye kafin katafila ta iso, a karanta sakamakon da Hausa da Tamajak a gaban masu gari, kowa ya riƙe takardarsa.