Abin da Tariq Ramadan ya nema a muhawararsa da Sarkozy

Har yanzu wasu na cewa Tariq Ramadan, masanin Musulunci ɗan ƙasar Switzerland kuma jikan Hassan al-Banna wanda ya kafa ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi a Masar, ya ƙaryata hukuncin rajamu a talabijin ɗin Faransa. Ba haka aka yi ba.

A watan Nuwamba na 2003, a tashar France 2, Nicolas Sarkozy, wanda yake ministan cikin gida a lokacin, ya matsa masa lamba ya yi tir da jifar mazinata. Ramadan ya ce a dakatar da zartar da hukuncin, malamai su zauna su tattauna. Sarkozy ya fusata, Turawa da dama suka ce yana kare jifa, Musulmi da yawa kuma suka zarge shi da soke haddi.

A 2005 ya rubuta kiransa dalla-dalla: talakawa da mata ne hukuncin ya fi faɗawa, sau da yawa ba a cika sharuɗɗan ba. Ya kafa hujja da Sayyidina Umar, wanda ya tsayar da yanke hannun ɓarawo a shekarar yunwa. Ni dai hujjar ta ratsa ni, don watanni biyu kafin muhawarar ne kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke Amina Lawal, matar da aka yanke wa hukuncin jifa bisa zargin zina.