Wanda ya farfaɗo daga bakin mutuwa bai leƙa lahira ba

A majalisun Garwa da Marwa ba a rasa labarin wanda aka ce "ya mutu ya dawo", ko mai babur da mota ta buge, ko masuncin da aka tsamo daga kogin Binuwai, wanda bayan ya farfaɗo yake cewa ya ga haske, ya kuma hangi gangar jikinsa a kwance mutane na salati a kansa. Wasu su ce sambatu ne, wasu su ɗauke shi tamkar wanda ya kawo saƙo daga barzahu. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa.

Ba ƙarya mutumin yake yi ba. A 2001 likitan zuciya Pim van Lommel na ƙasar Holan ya wallafa bincike a mujallar Lancet kan mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka ceto su, kuma 62 daga cikinsu sun ba da irin wannan labari. A 2013 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun ga ƙwaƙwalwar ɓeraye tana ƙara kuzari cikin daƙiƙa 30 bayan tsayawar zuciya. Wannan ya nuna jiki yana da hannu a abin da ake gani, amma bai warware mana sirrin ruhi ba, wanda aya ta 85 ta Suratul Isra'i ta ce yana daga al'amarin Ubangiji.

Sai dai wanda ya dawo bai mutu ba tun farko, domin ajali idan ya zo ba a jinkirta shi. Nan ne abin yake ci mini rai. Tsayawar zuciya ba ita ce mutuwa ba nan take. Akwai 'yan mintuna, huɗu zuwa shida, kafin ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa saboda rashin iskar numfashi. Mu kuwa a waɗannan mintuna muke miƙar da mutum, mu rufe masa ido, mu ja zane mu lulluɓe shi, wani ma har ya fara kiran dangi a waya.

Danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti guda, har a kai asibiti, abu ne da ake koya a yini ɗaya. Ya kamata limamanmu, da ƙungiyoyin masu babur, da 'yan agaji na masallatai su nemi ma'aikatan lafiya su koya wa jama'a shi, a kuma daina yanke hukuncin rasuwa kafin wanda ya san aikin ya duba.