Gaba na tafiya, baya na gudu

Land Rover ɗin da na gada a wurin Baba ƙirar Series III ce ta 1978, gajeriyar nan mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, da injin fetur lita 2.25. Bodinta alminiyam ne, ba ya tsatsa, shi ya sa daga nesa sai ka rantse lafiyarta ƙalau. Sifirin na baya kuwa sun gaji sun miƙe sambal, mota ta zauna da gindi, fitilunta na haska rassan darbejiya maimakon hanya. Aksul na baya kuma da an ɗan taka totur sai ya kama kuka, har uwargida ta daina ba ni labari a mota. Wannan kam ban taɓa lissafa shi cikin matsaloli ba.

Bikin ƙanwata ne ya tayar da maganar gyara. Za a kai amarya wani ƙauye bayan Gumel, inda kwalta ke ƙarewa yashi ya karɓa, aka ce motar gida ce za ta ɗauki gwaggonni da gara.

Na je gareji da hoto a waya: sifirin na zamani da ake ce wa farabolik, falle 2 ko 3 kacal, masu kauri a tsakiya, sirara a baki. Da yake fallayen ba sa gugar juna, sun fi laushi. Oga ya kalli hoton, ya kalle ni.

“Alhaji, falle 11 sun gaji, shi ne za ka kawo mini 2? Wannan na Turawa ne, su kare kawai suke ɗauka a baya.”

Ya kwashi tsofaffin ya kai maƙera, aka dake su a kan uwar maƙera har suka sake lanƙwasa, sannan ya ƙara falle uku-uku da ya ciro daga wata mushen babbar mota. Da aka sauke jak, motar ba ta sauko ba. Shiga cikinta sai da na tattare babbar riga na yi bismilla.

Aksul kuma, ya aiki yaro Ƙofar Ruwa, ya dawo da difiranshal, wato giyar da ke cikin aksul, na tsohuwar Range Rover, ɗan Beljiyam. Ya zauna daram, noti ya faɗa kan noti.

“Ka gani? Uwa ɗaya uba ɗaya,” in ji Oga, yana share hannu da tsumma.

A kan kwalta, gaskiya, ban taɓa jin daɗin motar nan haka ba. Kuka ya ɗauke. Allura na nuna 60 amma ina wuce motocin haya, direbobi na leƙowa su ga wane tsoho ne ya tashi daga kabari. Sai da muka faɗa ramin farko na tuna akwai mutane a baya. Sifirin ɗin Oga ba su san lanƙwasa ba, duk abin da taya ta taka kai tsaye ake aika wa ƙugun gwaggo. Na ji kan wata ya gaisa da rufi, murfin kwanon alkaki ya yi tsalle ya sauka a cinyata.

“Kai ɗan nan, amarya za mu kai ko surfe ka ɗauko mu?”

Na ce Gwaggo a yi haƙuri, sabon gyara ne, zai saki. Ta ce kafin ya saki ita ta saki.

Da muka sauka daga kwalta muka fuskanci jigawa ta farko, na danna maɓallin nan mai ruwan ɗorawa da ke gefen giya, wanda ke haɗa ogzilari tayoyi huɗu su ja tare. Baba ya sha haye yashin da ya fi wannan da hannu ɗaya a taga. Yau kuwa gaban mota ya noƙe yana tura yashi, baya na tono yana watsa wa motar ango ƙura. Na ƙara wuta, muka fita da ƙyar muka hau fako. A kan ƙasa mai tauri sai ta koma tsalle, sitiyari na fizge hannuna, kamar an ɗaure jaki da doki a amalanke ɗaya. Gwaggonni suka bar guɗa suka koma salati. Can sai muka ji “ƙas!” daga ƙarƙashi, tsallen ya tsaya.

Wani dattijo direban tarakta ne ya zo wucewa ya tsaya. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa aka ɗaga gaba, ya yi wa taya da farfela, sandar da ke kai juyi ga aksul, alama da gawayi, ya ce yara su juya tayoyin biyu tare, zagaye ɗaya, shi yana ƙirga. Farfela ta juya huɗu da rabi da ɗoriya. Ya kwance difiranshal na baya ya ƙirga haƙora da ɗan yatsa, yana motsa baki: babba 46, ƙarami 13.

“Alhaji, wa ya yi maka wannan aure?”

Ashe na asali haƙora 47 ne da 10, wato 4.7, na Range Rover kuwa 3.54. Jikinsu ɗaya, lissafinsu daban. A kan kwalta tayoyin baya kaɗai ke ja, shi ya sa ba a ji komai ba, shi ya sa kuma allura ke yi mini ƙarya. Da an haɗa ogzilari, irin wannan motar ba ta da abin da ke raba gardama tsakanin gaba da baya: na gaba su juya sau 3, na baya sun juya sau 4. Yashi ya ba su damar zamewa, fako ya hana. Dole wani ya haƙura, shaf ɗin baya, ƙarfen da ke juya taya, ya haƙura. Dattijo ya zaro shi ya miƙo mini, bakinsa a murɗe ya tsinke, tsagoginsa 10 duk sun karkace.

Ya cire farfelar baya ya jefa cikin mota kusa da buhun shinkafa, ya ce in bar maɓallin a danne, in tafi a hankali da tayoyin gaba kaɗai. Haka muka shiga garin bayan isha’i, an riga an yi buɗar kai. Gwaggo ta sauka da taimakon mutum biyu, ta ce a gaya wa duk mai komawa Kano ya ajiye mata wuri, ko a bayan a-kori-kura ne.

Da na dawo na dire wa Oga guntun shaf a kan benci, na karanta masa 47 da 10, 46 da 13. Ya juya ƙarfen a hannu, ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo wa labarin da ya daɗe da sani.

“To ai ka ga na bayan ya nuna ƙarfinsa ke nan. Gaban ne bai waye ba. Kawo kuɗi a sayo masa irinsa, akwai saura ɗaya a wurin mutumin.”