A Juya Bayan Shawul Ɗin Mu Gani

Ni dai ban kama suna ba, kuma ba zan kama ba. Matan da suka zauna a tsakar gidan suna jiya sun san da wa nake, waɗanda ba su samu zuwa ba kuwa na san labari ya iske su tun kafin a gama rabon waina. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Shekara nawa ina haɗiye magana? Aka ce ina da tsada, na yi shiru. Aka ce ina riƙe wa mutane kaya, na yi shiru. Har cewa aka yi idona ya fara mutuwa, yara ne ke yi mini aikin, na ce Allah ya shirya. To jiya tura ta kai bango. An fito da jaririya cikin farin shawul mai bakin shuɗi, wanda na kwashe kwana 19 ina saƙawa, rabi da rana rabi da fitilar waya, mata na karɓa suna sa albarka. Kakar jaririyar ta nuna ni ta ce ga mai aikin nan. Sai wata baiwar Allah ta taɓe baki ta ce wai irin wannan ai a dila ake tsintarsa, aikin inji ne, gwanjo ne aka wanke aka ninke.

Madalla. Abin da baiwar Allah ta manta, ranar Laraba da ta je barka ta ɗauki hoton wannan shawul ɗin a kan gadon maijego, ranar Alhamis ta ɗora a WhatsApp ta rubuta a ƙasa wai aikin hannunta ne, mai so ya yi magana. Mutum uku suka turo mini. Alhamis naki ne, Asabar ya zama na gwanjo. To ƙanwata, zaɓi ɗaya, don in gwanjo ne ke kika fara tallarsa.

Ni abu ɗaya kawai na roƙa, a juya bayan shawul ɗin mu gani.

Gaban saƙa kowa yana iya yi masa hoto. A baya ake gane mai hannu. A nan ake ganin inda zare ya ƙare aka ɗora sabo, ko an ƙulle shi ƙatoton ƙulli mai sukar fatar jariri, ko an bi da allura an ɓoye bakin zaren cikin idon saƙa har mai nema ya gaji. A kusurwar dama ta ƙasa, ta baya, akwai ɗan jan zare da na zagaya sau uku, bai fi ƙwayar dawa ba. Duk abin da ya fita daga hannuna yana da shi, daga safar jariri har zanen gado. Gidajen da na yi wa aiki daga nan har Ringim su tashi su duba nasu yanzu, ina jira. Shi ya sa hoton Alhamis gaba kawai ya nuna.

Sannan mai cewa aikin inji ne ta nuna ko kan sana'ar ba ta sani ba. Injin saƙa yana yin irin saƙar tsinke biyu, wadda ake rigunan sanyi da ita, shi ya sa suka cika kasuwa. Saƙar kwarashi kuwa sai hannu, ido ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi wata bakwai a kan tabarmata ya kamata a ce ko wannan ta tafi da shi gida.

E, wata bakwai. Tunda an taɓo, bari a faɗa. Wa ya zo da mayafi a ka yana "Yaya, don Allah ki koya mini, zaman banza ya ishe ni"? Wa na kama wa yatsu na nuna yadda ake naɗa zare kada ya yi sako-sako kada kuma ya ɗaure? Sarƙar farko sai da aka warware ta ya fi sau goma, da uluna, ban ce a biya ko sisi ba. Shawul na farko da aka gama, saboda ƙiwar ƙirga ido a ƙarshen layi, sama ya tsuke ƙasa ya buɗe, ya fito kamar gonar gado da aka raba da rigima. Ni na zauna dare biyu na gyara, na ce a kai wa mai shi a ce aikinki ne, don kada gwiwarki ta yi sanyi. Ashe da hannuna nake koya miki sa suna a kan aikin wasu. Wannan kam laifina ne, na ɗauka.

Ni ba a waya na tsinci sana'ar nan ba. Iya, Allah ya jiƙanta, tana saƙar faifai da ɗinkin hula tun kafin a yanke Jigawa daga Kano a 1991, kuma ita ta ce duk mai aiki ta bar alamarta inda ba a gani. Kwarashina na farko Baffa ne ya ƙera mini a maƙerarsa da ƙarfen tsohuwar lema. Ina tsaye ina ja masa zuga-zugi, ya sa a wutar gawayin ƙirya, ya lanƙwasa bakin da awartaki, ya yi ta gogawa a dutse har ya daina kama zare. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wasu kuwa gadonsu kaf a cikin waya yake, ranar da caji ya ƙare sana'a ta tsaya.

Batun tsada kuma, wallahi shi ya fi ci mini rai. Kun san daga ina ulu yake zuwa? Sai na tashi takanas na shiga motar Kano, na kutsa Ƙofar Wambai wajen 'yan zare, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Kuma ba na saye guntu-guntu. Duk dunƙulen da aiki ɗaya zai ci a lokaci ɗaya nake ɗauka, daga leda ɗaya, domin launi iri ɗaya ma in rinin ya bambanta sai ka ga layi ya fito a tsakiyar riga kamar an raba ta biyu. Wata kuwa aike take yi Gujungu ranar Lahadi a tsinto mata duk wanda ya fi araha, rabi yau rabi mako mai zuwa, sannan ta ce wa mutane nata ulun Ingila ne. Wane Ingila? A tsinki ɗan zare a kusanta shi da ashana. Gashin tunkiya na gaske warin ƙonannen gashi yake yi ya zama toka, na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Mafi yawan abin da ke kasuwarmu na roba ne, nawa ma haka, kuma ina faɗa wa kowace uwa gaskiya, na ce kada a zauna da yaro kusa da murhu ko kaskon wuta yana sanye da shi, a wanke da ruwan sanyi, kada a murɗe, a shanya a kwance a inuwa. Ke kin taɓa gaya wa wata haka? Ko sai dai a karɓi kuɗi a ce Allah ya raya?

Na yarda, sau ɗaya na saɓa alkawari. Damina ce, ruwa ya ci mana katanga, autana kwance da zazzaɓi, kayan suna ba su isa ba sai washegari. Na je da ƙafata na ba da haƙuri, na rage kuɗi. Shekara nawa yanzu ana ta jan wannan magana ɗaya kamar ƙaramin zare, gidan biki a faɗa, gidan makoki a faɗa, har a bakin famfo. Ke da na rufa wa asiri sau nawa? Hular da ta matse kan ɗan mutane har ya kwana yana kuka, wa aka kawo wa cikin dare ya warware ya sake? Ban taɓa faɗa ba sai yau, kuma ke kika jawo. Haba! Mutum ya ci a hannunka, ya koya a hannunka, ya koma yana yi maka saƙa da mugun zare, kuma in kun haɗu ya washe baki yana "Yaya ina wuni". Ki riƙe gaisuwarki, na yafe.

Astagfirullah. Na ce ba zan ɗaga murya ba.

Hunturu na ƙaratowa, littafina ya riga ya cika har ƙarshen Disamba, masu haihuwar Janairu su yi magana da wuri. Wadda kuma take ganin hannunmu ɗaya, abin ai ba na faɗa ba ne. Ranar Asabar bayan an tashi daga Islamiyya a shimfiɗa tabarma, kowa da dunƙulenta ɗaya da kwarashinta, safar jariri ƙafa ɗaya kafin kiran magariba, wayoyi a ajiye a hannun Gwaggo. In an gama kada a tsaya kallon gaba, a juya baya mu gani.

Kuma in za a zo, a taho mini da kwarashin Baffa da aka ara tun azumin bara aka ce kwana biyu. Shi ma yana da jan zare a gindinsa.