Ranar da na yi tafi ni kaɗai a cocin Bach

Akwai wata tsohuwa Bajamushiya maƙwabciyata a birnin Laifzig na Jamus, Mama nake kiranta, kullum muka haɗu a matattakala sai ta ce yaro kana zaune a garin Bach, shahararren mai tsara kiɗa, amma ba ka taɓa jin kiɗansa ba. Rannan dai ta sayo tikiti biyu ta ja ni cocin Thomas, inda mutumin ya yi aiki tun 1723 har ya mutu a 1750, kabarinsa ma yana nan ciki.

Muka zauna ina ta raba ido ina neman makaɗa, ba kowa a gaba. Kawai sai wata ƙara ta faɗo daga sama, wallahi saura ƙiris in bar takalmana a wurin, ashe ogan ɗin, wato ƙaton abin kiɗan coci mai kama da fiyano, yana can kan bene da bututansa jere kuma kiɗan nan ne da ake sawa a fina-finan ban tsoro, wanda ake kira Tokata. Da ya ja wani dogon sauti ya yi tsit sai na ce to an gama, na zage na zabga tafi raf raf raf. Ni kaɗai. Wani tsoho ya waiwayo ya dube ni ta saman tabarau, Mama kuwa ta danne min hannu ta ce yanzu ma fuga, kashi na biyu na kiɗan, za ta fara.

Ita fugar nan ita ta ƙarasa ni. Murya ɗaya ta fara siririya, ba ta yi shiru ba wata ta shigo da zance iri ɗaya, sai wata, sai wata mai kauri daga ƙasa, kamar kishiyoyi huɗu na cacar baki amma ba wadda ta take maganar wata. Na raɗa mata Mama su nawa ne a saman? Ta ce mutum ɗaya ne, mai kaurin da ƙafa yake buga ta. Da ƙafa fa! Benci har rawa yake, na ɗauka wayata ce ke girgiza na hau laluben aljihu, tsohon nan ya sake waiwayowa.

A hanyar gida na ce kaina ya yi nauyi, ta ce Bach a 1705 da ƙafa ya taka wajen kilomita 400 zuwa garin Lubek don ya ji wani gwanin makaɗi Buxtehude na kaɗa ogan, ni da aka kawo a jirgin cikin gari me zan ce. Ta riga ta sayi tikitin wata mai zuwa.