Abraham Lincoln bai yi karatun lauya a jami'a ba

Yana damuna yadda ake yawan cewa sai da Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka, ya gama jami'a sannan ya zama lauya. Ba laifin masu faɗa ba ne, don a yau mun saba lauya sai da digiri. Amma zaman Lincoln a aji, duka-duka, bai wuce kamar shekara guda ba.

A Amurka ta wancan zamani, mutum kan karanci shari'a da kansa, kotu ta shaidi halinsa, a ba shi lasisi. Lincoln aron littattafai ya riƙa yi wurin John Todd Stuart, lauya kuma abokin aikinsa a majalisar dokokin jihar Illinois. Lincoln ya samu lasisi a 1836, shekara biyu bayan shigarsa majalisar, sannan a 1837 suka haɗa ofis a garin Springfield.